Warin Taba a Tantin Baba Toivo

Ƙarfe goma na safe ne, rana ta fito fes amma ba ta tsinana komai ba, don sanyin da ake yi ko yawu ka tofar kafin ya kai ƙasa ya daskare. Eino yana durƙushe a gareji, ya kafa tantin kamun kifi na mahaifinsa kusa da hita mai ɗumama wurin, yana goge shi da soso da ruwan khal mai tsami.

Kwanansa uku ke nan a kan wannan aiki. Ya barbaɗa garin soda, ya bari ya kwana, ya share. Ya jera gwangwanayen gawayi a kowace kusurwa. Jiya ma ya yi wautar shanya tantin a waje da lemarsa, ya sandare kamar kwanon rufi, da ƙyar ya shigo da shi bai tsage ba.

Amma da zarar ya leƙa ciki, warin taba ne ke tarbarsa. Shekara kusan talatin Baba Toivo ya yi yana zama a wannan tanti bisa ƙanƙarar tafki, ƙugiya cikin ramin da ya huda a ƙanƙarar, sigari a baki, ƙofa a zuge. Bara ya rasu.

"Ka gama wanke uban naka?"

Mahaifiyarsa Helmi ce tsaye a ƙofar kicin, kofin kofi a hannu, tana yi masa kallon sama da ƙasa.

"Mama, don Allah..."

"Don Allah me? Ka cika min gida da tsami, duk saboda waccan budurwar taka mai ƙirji kamar na ɗan tsako!"

"Asma gare ta, Mama. Ba ita ta ɗora wa kanta ba."

"A cikin wannan tantin ubanka ya nemi aurena. Hayaƙi ya turnuƙe, ko hancinsa ba na gani, na ce na yarda. Ban yi tari ba, ban suma ba!"

Eino ya sunkuyar da kai. Shi ma a nan yake son ya nemi auren Marit ranar Asabar, sati biyu ke nan zoben yana aljihunsa. Sai dai watan jiya da ta shiga tantin, ko minti biyar ba ta yi ba numfashinta ya sarƙe, shi ya kwashe ta zuwa asibiti. Kuma ya san abin da mahaifiyarsa ba ta so ya sani. Sau biyu yana dawowa daga wurin yankan katako ya tarar da ita zaune a cikin tantin, ta zuge ƙofa, shiru.

Aka ɗaga ƙofar gareji, Marit ta shigo, kumatunta sun yi ja don sanyi.

"Ina kwana, Madam Koskela."

Helmi ta taɓe baki. "Ga gimbiya ta iso. A buɗe tagogi, kada iskar gidanmu ta kashe ta."

"Iskar ba ta da laifi," in ji Marit a hankali. "Maganar da ke cikinta ce dai take da ɗan yaji."

"Kai! Ka ji bakinta? Bakin dai lafiyarsa ƙalau!"

"Marit, masoyiyata, tsaya daga nan, kada ki matso..."

Ba ta saurare shi ba. Gyaran kujerun mota ne sana'arta, ta san kan wari. Ta rufe hanci da gyalenta, ta leƙa, ta danna kujerar da ke ciki da yatsa.

"Wahalar banza kake sha, abin ƙaunata. Jikin tantin ya fita. Soson kujerar nan ne ya sha hayaƙi, shi kuwa ba ya wankuwa. Sai dai a cire."

Helmi ta dire kofin da ƙarfi.

"Kujerar Toivo? Daga zuwanki? To bari ki ji, wannan sakaran da zobe yake yawo sati biyu, ya kasa ba ki don tsoron kada ki faɗi matacciya! Yanzu kuma za ki sa ya jefar da..." Muryarta ta karye, ta kawar da kai.

Marit ta zuba wa Eino ido.

"Zobe?"

Ya ji kunya kamar ƙasa ta tsage. Ya dubi mahaifiyarsa, ya dubi kujerar, sannan ya goge hannu a wando ya laluba aljihu. Dama a durƙushe yake, kamar yadda masu neman aure ke yi a ƙasarsu.

"Ba zan jefar da kujerar ba, Marit, ki yi haƙuri. Ba kuma zan sake kai ki asibiti ba. Ni ban iya tsara magana ba... Za ki aure ni? A nan ɗin?"

Hawaye suka zubo mata, ta yi dariya, dariyar ta koma tari.

"Zan aure ka, sarkin wauta! Zan aure ka!"

"A gareji," in ji Helmi, "kusa da kwandon shara. Ya dace da ku." Ta shige gida ta bugo ƙofa.

Marit ta jima tana kallon zoben a yatsanta. Sai ta ɗauki sukurdireba a kan benci.

"Me za ki yi?"

"Ɗauko min akwatin robar can mai murfi."

Ta ja numfashi ta riƙe, ta shiga tantin. Sau uku tana fitowa ta yi tari ta koma, kafin ta kwance kujerar. Ta saka ta a akwatin, ta danne murfin da kyau, ta ɗauka da kanta har ƙofar ɗakin Helmi, Eino na biye da ita.

Helmi ta buɗe, idanunta jajaye.

"Idan ta zauna a buɗe, kafin bazara warin ya gudu," in ji Marit. "A rufe zai daɗe."

Helmi ta kalli akwatin, ta karɓa da hannu biyu, ta rungume shi a ƙirji. Sannan ta dubi ƙafafun Marit.

"Kin shigo min da ƙanƙara a takalmi," ta ce, ta rufe ƙofa.