Amsoshi Huɗu na Naomi

Ku matso kusa, yara, ku ji abin da ya faru da wata yarinya a Abuja. 'Yar aji biyar ce a firamare. Gidansu yana kusa da hanyar filin jirgi. Mahaifinta ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, kuma kullum shi yake sauke ta a bakin makaranta kafin ya wuce ofis. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa ba ya kiran sunanta. Mamana yake ce mata.

Allah ya ba yarinyar nan kai. In ta ji abu sau uku, ya zauna ke nan. A Islamiyya ita ce gaba wajen hadda. A boko kuwa kullum tana layin farko, har malamarsu, Anti Christina, take kiranta 'Yar gaban allo. Ga ta da son tambaya. Me ya sa kaza? Daga ina kaza ya fito? Ba ta gajiya.

Wata Litinin, shugaban makaranta, Malam Manniru, ya shigo ajinsu da baƙuwa. Doguwa ce siririya, ta rungume littattafanta a cikin leda.

Ya ce, "Wannan Naomi ce. Daga Kuchigoro take zuwa. Ku riƙe ta da kyau."

Sai ya rage murya ya yi wa Anti Christina bayani. Yarinyar tana gaba, don haka ta ji komai.

"Asalinsu wajajen Gwoza ne. Karatunta ya tsaya shekara biyu. Lissafinta yana da kyau, Turanci ne babu. Ta zauna nan mako biyu, sannan in gwada ta. In tana gane abin da ake faɗa, shi ke nan. In ba ta ganewa, sai aji biyu."

Anti Christina ta zaunar da Naomi kusa da yarinyar.

Ta ce, "'Yar gaban allo, ga aiki na ba ki. Kullum kalma biyar. Ki nuna mata abin, ki faɗi sunansa da Turanci, ki sa ta yi magana da shi. Kada ki yi gaggawa."

"To, Anti."

Da aka fita hutun tara, suka zauna a gindin mangwaro. Yarinyar ta raba biredinta biyu, ta miƙa wa Naomi rabi.

Naomi ta ce, "Ƙanina ne a aji biyu. In aka kai ni can, ba zan ƙara zuwa ba. Zan zauna da Mama a teburin kayan miya."

"Ba za a kai ki ba," in ji yarinyar. "Ki bar mini komai."

Ranar farko sun yi kalma biyar. Kujera, ƙofa, taga, littafi, allo. Abin ya yi wa yarinyar nawa. Ta ce a ranta, yaushe za a gama da wannan tafiyar? Sai ta je ta sami wata 'yar aji shida da aka taɓa gwadawa bara.

'Yar aji shidan ta ce, "Ai tambaya huɗu ya yi mini. Sunana, shekaruna, inda nake zaune, da aikin mamana."

Yarinyar ta yi murna. Ta yagi takarda ta rubuta amsoshi huɗu da Turanci, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Washegari ta kai wa Naomi.

"Ga hanya mai sauƙi. Ni zan faɗa, ke ki maimaita, kamar yadda muke hadda."

Suka fara. Yarinyar ta ja baƙi, Naomi ta amsa. Har da rausaya kai, har da buga yatsa a gwiwa. Naomi ma ba baya ba ce wajen riƙe abu. Cikin kwana uku ta haddace duka.

Ran nan Naomi ta ɗora yatsa a layi na uku. "Wannan me yake nufi?"

"Bar ma'ana tukuna, babu lokaci. Ke dai in ya yi magana ta farko, ki ba shi amsa ta farko. In ya yi ta biyu, ki ba shi ta biyu."

Da Anti Christina ta tambayi yarinyar yadda kalmomi biyar suke tafiya, sai ta ce, "Lafiya lau, Anti. Tana ƙoƙari." Ba ta ce komai game da takardar ba.

Ranar gwaji ta zo. Naomi ta tsaya gaban teburin Malam Manniru. Anti Christina ta zauna gefe, yarinyar kuma aka bar ta ta tsaya a bakin ƙofa.

Malam Manniru ya yi murmushi, ya tambayi Naomi da Turanci inda take zaune.

Naomi ta miƙe wuya ta ce, "My name is Naomi."

Malam ya fara da tambaya ta uku, Naomi kuwa ta ba shi amsa ta farko.

Ya gyara tabarau. Ya ce to, ta faɗi sunan nata kuma. Naomi ta gaya masa shekarunta goma sha ɗaya, da murya mai daɗi, babu kuskure ko ɗaya.

Sai ya ajiye kofi da mukulli a kan tebur. A hankali ya ce, "Give me the key." Mukullin yake so ta miƙo masa.

Naomi ta dubi kofi, ta dubi mukulli. Ta karanto amsa ta uku, ta haɗa da ta huɗu. Daga nan abin da ke kanta ya ƙare. Hawaye ya cika mata ido.

Malam Manniru ya koma Hausa. "Naomi, wa ya koya miki wannan?"

Naomi ta sunkuyar da kai. Ba ta so ta tona ƙawarta.

Sai yarinyar ta matso. "Ni ce, Malam. Anti ta ce in riƙa nuna mata abubuwa. Ni kuma na rubuta mata amsoshi ta haddace. Ta tambaye ni ma'ana, na ce ta bari."

Anti Christina ta dube ta. "Kuma na tambaye ki, kika ce mini lafiya lau."

"Ki yi haƙuri, Anti."

Malam Manniru ya daɗe yana juya mukullin a hannunsa. Can ya ce, "Yarinyar da ta riƙe jimla huɗu ba tare da ta san me suke nufi ba, kanta yana ja. Ba ta sami koyarwa ba ne. Na ƙara mako biyu. Bayan su babu ƙari."

Amma ran Litinin wurin Naomi babu kowa. Yarinyar ta yi ta kallon ƙofa har aka tashi.

A mota ta yi tsit, abin da ba halinta ba. Mahaifinta ya leƙa fuskarta.

"Mamana, yau babu tambaya? Ko tambayoyin Abuja sun ƙare?"

Ta ba shi labari tun daga farko. Ya saurara har ta gama.

Ya ce, "A Islamiyya, in kun haddace hadisi, me Malama take yi bayan nan?"

"Tana fassara mana."

"Don me?"

"Don mu san abin da aka ce mu yi."

"To, ke kin tsaya a rabin hanya. Kin san gidansu?"

"Ta ce teburin mamanta yana kusa da inda masu Keke suke tsayawa."

Ya kunna sigina ya juya mota.

Ba su sha wahalar samun wurin ba. Tebur ne na katako a ƙarƙashin babbar lema, an jera tumatir da attaruhu da albasa kashi-kashi. Naomi tana yayyafa wa alayyafo ruwa. Da ta hango su sai ta kawar da kai.

Mahaifiyarta ta share benci da gefen zani. "Sannu da zuwa, Oga. Ga wuri. Tun safe nake fama da ita, ta ce ciwon kai. Ciwon kan da yake cin masara biyu."

Yarinyar ta je gaban Naomi. "Ki yafe mini. Ni na ja miki kunya. Ki dawo, mu sake daga farko."

"Na haddace, kuma ban iya ba," in ji Naomi. "Kaina ba ya ɗaukar Turanci."

Kafin yarinyar ta amsa, wata mata ta zo sayen kuɓewa. Naomi ta yi mata Hausa. Wani mutum ya tsaya, ta yi masa 'yar Pijin. Ta juya ta yi wa mahaifiyarta magana da yarensu. Yarinyar ta saki baki tana kallo. Son tambayarta ya motsa.

"Naomi, wa ya koya miki Hausa?"

"Babu kowa."

"Ba ki haddace ba?"

Naomi ta yi dariya, karo na farko. "Wa zai haddace Hausa? Aikena ake yi. In na ce albasa aka ba ni albasa, na san na faɗa daidai. In aka ba ni wani abu daban, a yi mini dariya, gobe in gyara."

Sai yarinyar ta gane. Ashe abin da Anti ta faɗa ke nan tun ranar farko. Ta ɗauki albasa ɗaya ta ɗaga.

"Onion."

Naomi ta maimaita. Yarinyar ta zagaya gaban tebur, ta riƙe ƙugu kamar babbar Hajiya. "Give me two onions."

Naomi ta dubi teburin. Ta ɗauki albasa biyu ta miƙa mata.

"Kin gani? Kin ji, kuma kin yi."

Mahaifiyar Naomi ta ce, "Ku dai kada ku matse mini tumatir da Turancinku."

Suka bi teburin kaf. Da suka zo kan daddawa, yarinyar ta tsaya cak. Ba ta san sunanta da Turanci ba.

"Baba, yaya ake ce wa daddawa?"

Mahaifinta ya sosa ƙeya. "Mamana, shekara ashirin ina rubuta Turanci a ofis, ban taɓa rubuta daddawa ba."

Kowa ya yi dariya. Naomi ta fi kowa. Ashe har mai zuwa ofis akwai kalmar da bai sani ba.

Yarinyar ta ce, "To in mutum bai sani ba, sai yaya?"

"Sai ya tambaya. Gobe ku tambayi Anti."

Washegari Naomi ta dawo makaranta. Abu na farko da Anti Christina ta koya mata shi ne yadda ake tambayar sunan abu da Turanci. Ta kuma ce wa yarinyar, "Ku fara da sunayen abubuwa. Sai kalmomin aiki, irin su ba ni, buɗe, wanke. Sai masu siffanta abu, babba da ƙarami, ja da fari. In kun haɗa su, kun yi jimla."

Haka suka yi. In an ce buɗe, sai an buɗe ƙofa da gaske. In an ce wanke, sai an je famfo. Naomi takan yi kuskure, su yi dariya, ta gyara. Duk abin da ya gagare su, su rubuta su kai wa Anti. Wata rana kalma biyar, wata rana uku kacal. Yarinyar ta daina gaggawa.

Ranar gwaji na biyu, Malam Manniru ya cika tebur da kaya. Ya ce a ba shi mukulli, Naomi ta ba shi. Ya ce ta sa jan biro a cikin kofi, ta sa. Ya tambayi abin da mahaifiyarta take sayarwa. Naomi ta shiga lissafo kayan miya, tana tuntuɓe tana tashi, amma duk wanda ke wurin ya gane ta.

Daga nan ya ɗaga abin buga hatimi, ya tambaye ta mene ne wannan.

Yarinyar ta runtse ido a bakin ƙofa. Wannan ba su taɓa yin sa ba.

Naomi ta dubi abin da kyau. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma karanto komai ba. Ta ce, "Please, sir, what is it called?" Wato tana roƙon ya gaya mata sunansa.

Malam Manniru ya ajiye hatimin yana dariya. Ya gaya mata sunan, ta maimaita.

Ya ce, "Anti Christina, ki koma da ɗalibarki aji biyar. Abin da ta sani ta faɗa, abin da ba ta sani ba ta tambaya. Sauran zai zo."

To, yara, abin da yarinyar nan ta koya ke nan. Riƙe kalma a ka ba shi ne sanin ta ba. Sai ka san abin da take nufi, ka yi aiki da ita. In an ba ka amanar koya wa wani, kada ka bi gajeriyar hanya, kuma kada ka ɓoye gaskiya. Abin da ba ka sani ba, ka tambaya.

Da suka fito, suka nufi gindin mangwaro. Naomi ta ce, "Daga yau ni ma zan koya miki yarenmu. Kullum kalma biyar."

Yarinyar ta ciro biro da sauri. "Faɗi in rubuta in haddace."

Naomi ta karɓe biron ta sa a aljihunta. "A'a. Ran Asabar ki zo teburin Mama. Aikenki zan yi."