Hannun da Bai Daina Rawa Ba

"Ba za ki taɓa min gashi ba!"

Nas ɗin ta tsaya da injin aski a hannu, ni kuwa hawaye sai zuba suke.

"Kirrily, sai an aske tas. Sautin ba ya son ko silin gashi a hanyarsa."

Na sani. Likita ya ce za su tattara sauti wuri guda cikin ƙwaƙwalwata, su ƙona ɗigon da ke sa hannuna rawa, babu yanka. Na dama kaɗai za a gyara, cutar Parkinson kuwa tana nan daram.

Amma Fergus, wanda muka yi baiko da shi, shi ne ke son gashin nan, shi kaɗai ya rage min na tunawa da shi.

Wata takwas rabona da shi. Ranar da na ɓarar da shayi a teburin mahaifiyarsa ta ce, "Ɗana mata yake nema, ba jinya ba." Washegari na mayar masa da zobensa. Ya kira har ya gaji, ni kuma kullum sai na buɗe sunansa a waya in yi ta kallo. Kewarsa ta fi cutar cina.

"Wace tunkiya ce ke gardama a nan?"

Na waiga... Fergus! Ashe yayata ce ta tsegunta masa, ya tuƙo awa takwas daga garinsu Hay zuwa nan Sydney.

"Sista, kawo injin. Tumaki ɗari da hamsin nake askewa a yini, ban taɓa yanke kunne ba... to, sau biyu."

"Ka tafi, Fergus. Ba warkewa zan yi ba."

"Na tambaye ki?"

"Mamarka fa?"

"Ba ita za ta aure ki ba. Tsaya cak, masoyiya."

Ya jingina kaina da ƙirjinsa, yana aski a hankali. Da gashin ya fara zuba, na ji hawayensa ya ɗiga a kan fatar kaina.

Idona biyu aka yi aikin. Suka saka ni cikin na'urar sautin, suka yi ta fito da ni suna miƙo min biro in ja layi. A karo na uku layin ya tafi sambal.

A ɗakin hutu ya ciro zoben nan daga aljihu. Na miƙa masa hannun dama da alfahari, ko motsi ba ya yi.

"A'a. Zobe a hagu yake zama."

"Na hagun yana rawa, kuma ƙaruwa zai yi..."

Ya kama shi da hannunsa mai kanta, sai a gwaji na uku zoben ya shiga.

"Na daman naki ne, ki sha shayi da shi, ki sa hannu a takardar aurenmu," in ji shi. "Wannan ki bar min, ni zan riƙe."

Hannun bai daina rawa ba, shi ma bai saki ba.