Ƙofar Manya

Kafin hantsi, na'urar da ake kira Gadi ta kori ɓarayin intanet dubu huɗu. Duk wanda ta kora, sai koriyar fitila ta ƙifta a bangon ofishin ruwa na Birnin Tsamiya.

Malam Barmo na zaune yana kallo. Shekara talatin shi ke tsaron shafin rabon ruwa, inda manoman saman benaye ke shiga su nemi a buɗe musu famfo. Tsohon gini ne shafin: uwar manhaja ɗaya, sai ƙanana da ake liƙa mata. Kowace ƙarama ƙofa ce. Wadda aka bari ba gyara, ta nan ɓarawo ke shigowa.

Yanzu an kawo Injiniya Turai da na'urarta. Wata uku kacal, har masu shayi sun san sunanta. Shi kuwa ko sannu.

"Baba, ƙofa arba'in na ƙirga, duk na sabunta su," in ji Turai. "Akwai wadda ban sani ba?"

Akwai. Da hannunsa ya gina ta saboda masu unguwanni, don ba a tsayar da babba a ce ya faɗi kalmar sirri. Sunansa kawai zai rubuta ya wuce.

"Ke da kika ƙure boko? Tambayi ƙarfenki mana."

Ranar Laraba da azahar, ɓarayi suka shigo da sunan wani mai unguwa da ya rasu shekara shida da suka wuce. Gadi ba ta ga komai ba. Famfuna suka rufe.

Barmo ya san ta inda aka shigo. Ya yi shiru, yana jira a roƙe shi. Sai bayan kwana biyu shugaban ofis ya zo har gida, hula a hannu. Cikin minti ɗaya Barmo ya toshe ƙofar, famfuna suka buɗe. A lokacin tumatirin unguwa tara ya riga ya ƙone ƙurmus saboda rashin ruwa.

Aka yi ta sa masa albarka. Aka cire Gadi daga bango, aka sallami Turai.

Tana haɗa kayanta ta tsaya gabansa, ta rusuna.

"Baba, na ga sunan wanda ya gina ƙofar."

"Wa kika gaya wa?"

"Ba kowa. Sa'an mahaifina ne kai."

Ta fita. Ya bi bayanta da kallo. A aiki ta fi shi, ya daɗe da sani. Yau ga shi har a mutunci.