Ƙarfen Inna Lantana

Akwatin rediyon kan fara aiki tun Inna Lantana ba ta gama dama koko ba. Ɗan baƙin abu ne, bai fi kwanon sha girma ba, da dogon tsinke a ka da 'yan fitilu masu bin juna a guje. Yawo yake a kan muryoyin gari, daga ta 'yan sanda zuwa ta motocin asibiti zuwa ta 'yan kwana-kwana, inda duk ya ji ana magana sai ya tsaya ya sako mata zancen a tsakar gida. Mutanen unguwa Kunne suke ce masa. Na marigayi mijinta ne, shi ya koya mata murɗa shi, ya tafi ya bar ta da shi. Tun ana ce mata mai son gulma har aka gaji aka bari, don abu ne da take so kamar yadda wani ke son kiwon tantabaru.

To, Birnin Tsamiya a wancan zamani hawa biyu ne. A sama akwai dogayen benaye da jiragen ƙasa masu gudu ba ƙara. A ƙasa kuma, tsakanin ginshiƙan da ke ɗauke da wannan duka, nan Ƙasan Gada take, unguwar masu suya da maƙera da masu narka roba. Rana ba ta shigowa sai a karkace. Hayaƙi kuwa kullum yana nan, har mutum ba zai ɗaga kai ya ce wannan na girki ne, wancan na gobara ba.

Shi ya sa hukuma ta dasa wasu na'urori a jikin ginshiƙan, ana ce musu Hanci. Hanci yana shaƙar iska, ya bambance hayaƙin tuya da na katifa ko rufin roba tun wutar ba ta kai gwiwa ba. Da ya sansano sai ya aika Cibiya, wato ofishin karɓar rahoto, ita kuma Cibiya ta faɗa wa 'yan kwana-kwana ta rediyo. Sai dai motocinsu ba sa shiga lungunan. Balbelu kuma, wato fararen jiragen nan marasa matuƙi masu feshin kumfa, sai sun kewaya ta bakin kogi kafin su samu hanyar shigowa ƙarƙashi. Abin da ke kashe wutar Ƙasan Gada bokiti ne da hannun maƙwabta, in dai sun ji da wuri.

Inna Lantana ke sa su ji da wuri. A ƙofar gidanta akwai tsohon wilin mota a rataye, da guntun rodi a gefe. Da Kunne ya ambaci unguwar sai ta fito, ko da kumfar sabulu a hannu, ta buga ƙarfen, ta faɗi sunan lungu. Ɗantala mai shayi, da teburinsa ke kallon gidan, shi ke ɗaukar sunan da babbar muryarsa ya jefa gaba, mata su miƙa ta kan katanga, kafin ka ce me an yi layi daga famfo har bakin wuta. Sau da yawa balbelu kan iso su tarar ana shara.

Akwai wata mata a Cibiya da Inna ke kira Mai Tari, don kullum sai ta gyara murya kafin ta yi magana. Ba su taɓa ganin juna ba. Amma matar ta san ana saurare a ƙasa, domin in ta karanta lambar shiyya irin ta taswira, wadda babu ɗan unguwar da ya san ta, sai ta ɗan yi shiru ta ƙara da cewa, wato bayan tsohuwar masaƙa, ko kuwa, wato Lungun Masu Mai. 'Yan kwana-kwana ba sa bukatar wannan ƙarin. Inna aka yi wa.

A Lungun Masu Mai ɗin nan Barira take, 'yar farin Inna. Ita da wasu mata ke matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli a wata doguwar rumfa mai ƙofa ɗaya, cike da durom-durom na mai. Kun san halin iyayenmu da ɗan fari. Duk da jirage na yawo ba matuƙi, Inna ba ta bar wannan kara ba. Ba ta taɓa kiran sunan Barira ba, sai dai ta ce mai ƙuli, ko waccan. Ba ta zuwa gidanta sai da babban dalili, in an yabi yarinyar a gabanta kuwa sai ta kau da kai ta shiga wani zance. Amma duk lokacin da Mai Tari ta ambaci lungun, kowa ya sani ƙarfen ya fi ƙara. Ba mai furtawa, ana dai murmushi.

Ana nan sai aka zo da Lulluɓi.

A ƙofar gidan mai unguwa aka yi bayanin. Wani matashi ne ya sauko daga sama, Injiniya Mudassir, yaro mai ladabi, har ƙasa ya durƙusa ya gai da dattawa. Ya ce ɓarayi a hawan sama sun sayi akwatuna irin na Inna, suna jin inda 'yan sanda suka nufa su bi ta wata hanyar. Ya ce wani mutum ya faɗi a ofis, kafin iyalinsa su ji labari duk gari ya san ciwonsa. Saboda haka sabuwar na'ura za ta riƙa yayyanka kowace murya ƙanana-ƙanana, ta cakuɗa, ta lulluɓe da wani makullin lissafi da ke sauyawa kowane numfashi. Rediyon ma'aikaci kaɗai zai iya warwarewa. Kowa kuma sai dai ya ji shuuu. Masu karanta saƙo a Cibiya ma za su huta, na'urar za ta yi da kanta.

Inna ta ce ba ta ƙi ta tasa ba, a lulluɓe na 'yan sanda da na asibiti, amma a bar mata na wuta.

"Ɗana, wa zai saci gobara?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya ce tsarin ɗaya ne, ba a yanka shi. Amma kada ta damu, da zarar hukuma ta tabbatar da gobara, wayar kowa za ta sanar da shi. Ta tambaye shi yaushe hukuma ke tabbatarwa. Ya ce idan balbela ta isa wurin ta gani da idonta. Inna ta ce Allah ya yi masa albarka, ta ɗauki takalmanta.

Ranar ƙarshe, da la'asar, Mai Tari ta gyara murya, ba gobara ba komai. Ta ce, "Masu saurare a ƙasa, Allah ya tsare." Washegari Kunne ya wayi gari yana shuuu.

Inna ba ta kashe shi ba. Ta zauna da shi mako da makonni, har kunnenta ya fara rarrabewa. In gari lafiya, shuuu ɗin siriri ne, yana zuwa yana ɗaukewa. In wani abu ya faru sai ya yi kauri, ya yi ta zuba kamar ruwan sama a kan kwano. Ta san akwai wuta, amma ba ta san ina ba. Ko a saman benaye ce, ko a bayan ɗakinta.

Karon farko da ya yi kauri ta fito ta buga. Mutane suka fito da bokitai suna tambayar wane lungu, ta ce ba ta sani ba, a duba. Aka bazu, aka dawo ba a ga komai ba. Ashe wutar a can tashar jirgin sama take. Karo na gaba ana tsakiyar ɗaurin aure ta buga, aka watse ba a shafa fatiha ba, wata tsohuwa ta faɗi a kwata ta karye a hannu. Wutar kuwa tana wani gari ma, taimako aka nema.

Daga nan Ɗantala ya fara zolaya. In ta fito sai ya ce, "Kwamishina, yau ina ke ci? Ko mu ɗebo ruwa mu hau jirgi?" Masu shan shayi su kwashe da dariya. Wani ma, ba da mugun nufi ba, ya ce ai tun da ba ta jin sunan lungu, kowace wuta a wurinta ta Lungun Masu Mai ce, uwa ce. Wannan maganar ta fi duk sauran shiga jikinta. Kwana ta yi ba ta leƙa waje ba.

Mai unguwa ya zo da kansa, ya zauna a zaure, ya roƙe ta kada ta sake bugawa sai ta tabbata. Ta ce ta ji, ta kuma yi alkawari. Barira ma ta zo da ƙuli-ƙuli a kwano, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta ce, "Inna, ki huta hakanan. Kin yi naki." Inna ba ta dube ta ba. Bango ta kalla, ta ce a gaya wa mai ƙuli gishirinta ya yi yawa, kuma rumfa mai ƙofa ɗaya ba wurin zaman mutum ba ce. Barira ta yi dariya ta ce za a gaya mata. Da ta tafi, Inna ta cinye ƙulin tas, ba ta ba kowa ba.

Abin da ba wanda ya lura da shi, shi ne mutanen Ƙasan Gada sun daɗe da daina tsoron hayaƙi. Shekara da shekaru ƙarfe ke gaya musu lokacin tashi. Sun yi wa ƙarfen dariya, sun ce a daina bugawa, amma a can cikin ransu ba abin da ya sauya. In ƙarfe bai yi ƙara ba, to lafiya.

Wata Talata da hantsi, Inna na tsince shinkafa, Kunne ya yi kauri. Irin kaurin da ba ta taɓa ji ba, ba ɗaukewa ko kaɗan. Ta ajiye faifan ta fito. Can gabas, tsakanin ginshiƙai, akwai hayaƙi, amma gabas kullum da hayaƙi, nan Lungun Masu Mai yake, nan ake suya. Ya fi na kullum duhu? Idonta ya tsufa, ba za ta rantse ba. Ta ɗauki rodin.

Ɗantala na juya ƙwai. Ya dube ta, ya dubi gabas, ya yi ɗan murmushin nan. Ta san abin da za a ce in ta buga ta ambaci Lungun Masu Mai aka je aka tarar mata na suyarsu lafiya: tsohuwa ta tashi unguwa guda saboda 'yar fari. Ga alkawarin mai unguwa. Ga tsohuwar da har yau hannunta ke ɗaure. Ta tsaya da rodi a hannu, Kunne na zuba a bayanta, tana roƙon muryar da za ta gyara ta ce mata wato wuri kaza.

Ta tambayi Ɗantala ko yana ganin hayaƙin can daidai ne. Ya ce tunkuza suka ƙona, jiya ma haka aka yi. Ta jingine rodin.

A lungunan da ke kusa da rumfar ma an ga hayaƙin. Wata ta ce wa maƙwabciyarta anya kuwa, ɗayar ta ce da wani abu ne ai da an ji ƙarfe. Maƙera suka ɗaga kai, suka kasa kunne, suka koma bugun nasu. Wutar ta fara ne daga bakin ƙofar, inda ake jera durom, matan kuma suna can ƙurya, ga ƙarar injin matsa ta rufe ihunsu.

Sai da durom na farko ya fashe, ƙasa ta girgiza har kofunan Ɗantala suka zube. Inna ta buga ƙarfen a lokacin, ta yi ta bugawa har rodin ya tsaga mata tafin hannu. Ba sunan lungu ta kira ba. Sunan Barira ta kira, da ƙarfi, a bainar jama'a, karon farko tun ranar suna. Ɗantala ya ɗauki sunan ya jefa gaba kamar yadda ya saba.

An yi layi, an miƙa bokitai, amma mai in ya kama ba ya jin ruwa. Balbelu suka iso daga bakin kogi, farare tas, a jere gwanin kyau, suka zuba kumfa a kan abin da ya rage. A daidai lokacin wayar kowa ta yi ƙara a aljihu, wata murya mai daɗi ta ce hukuma ta tabbatar da gobara a shiyya ta tara, ana shawartar jama'a su guji wurin.

An yi jana'izar matan bayan la'asar, har da Barira. Injiniya Mudassir ya sauko gaisuwa, idonsa jawur. Ya ce an duba, Hanci ya sansano wutar tun tana ƙarama, saƙo ya isa Cibiya a kan lokaci, ba abin da ya lalace, ba kuma wanda ya saci ji. Kamar yana so wani ya zage shi, ba wanda ya zage shi. Inna ta ce ta gode da zuwa. Daga baya aka ji wasu birane sun aiko a koya musu tsarin.

Ɗantala ya daina zolaya. Shi da mai unguwa suka zo suka ce ta riƙa bugawa duk lokacin da ranta ya ba ta, ko sau nawa ne, za su fito. Ta ce to. Sun fito a makon farko, sun fito a na biyu. Birni babba ne, kullum wani wuri na ci. Kafin damina ta wuce, in ta buga sai mutum ya leƙo, ya dubi sama, ya koma.

Har yanzu Kunne na nan a tsakar gida, kusa da murhu. Da safe yana yin siriri, can sai ya yi kauri, Inna ta ajiye abin da ke hannunta ta karkata kai. A cikin shuuu ɗin nan na'ura na faɗa wa na'ura sunan wani lungu, daidai, ba kuskure, tun wutar ba ta kai gwiwa ba. Mutanen lungun kuwa suna can suna tsince shinkafa.