Na'urar Tace Ruwan Majema

Ranar Asabar da hantsi, a shekarar 1972, wata mata ta shigo ofishin 'yan sanda na Sinja, takalmanta duk laka.

"Sunana Nawal, injiniya ce daga Khartoum. An lalata mini na'ura."

Sufeto Zakariya ya ajiye kofin shayinsa. "Wace irin na'ura?"

"Ta gwajin tace ruwa. Tankuna ne ƙanana da famfo a kan tirela. Masana'antar jima tana zuba dattinta a tur'a, wato hanyar ruwan da aka haƙa, wadda mutanen Hillat Gambo ke sha. Yara suna ta gudawa, awaki suna mutuwa. Ina gwada maganin da zai tsabtace ruwan kafin a gina babbar matatar ruwa. Gwajin ya fara kyau."

Sufeto ya ɗauki hularsa, ya kira sajensa, Shawish Mati.

Bakin magudanar masana'antar yana wari kamar mushe. An fasa tankunan, an yanke bututai, an tura famfon cikin laka. Gado mai gadi yana tsaye gefe yana sosa ƙeya.

"Janabu, wallahi ban matsa ko nan da can ba."

"Har lokacin Juma'a?"

Gado ya dubi ƙasa.

"Kai da aka ba gadi, tirela guda ta gagare ka," in ji Sufeto. "Wa ya san za ka masallaci?"

"Duk garin."

Mati ya nuna sawun amalanken jaki a laka. Nawal kuma ta ɗaga wani fasasshen tulun gilashi.

"Wanda ya fasa wannan, ruwan ciki ya taɓa shi. Yana rina fata ta yi ja-ja. Sabulu ba ya fitar da shi."

Suka shiga masana'antar. Manaja Jibirin yana zaune ƙarƙashin fanka, bai ko miƙe ba.

"Ruwanmu ba shi da illa. Ƙazantarsu ce ke cin mutanen nan."

"Sai a ɗebo maka kofi ɗaya," Sufeto ya ce.

Jibirin ya gyara zama. "To, yana da illa. Amma ni zan fasa na'ura? An ce in gwajin bai yi ba, za a rufe mu. Je ka tambayi mai sayar musu da ruwa."

Sufeto ya dubi hannayensa masu laushi, babu tabo ko ɗaya. Ya fita bai yi sallama ba.

A Hillat Gambo mata sun yi layi da garewani a ƙofar wani babban gida mai rijiya. Wata tsohuwa, Iya Ramatu, tana riƙe da jikarta, wadda idanunta suka faɗa.

"Rijiyar wa ce?" Sufeto ya tambaye ta.

"Ta Alhaji Almu ce, ɗan nan. Ita kaɗai ce a garin. Tun da tur'a ta ɓaci, wanda bai saya ba sai ya sha guba."

"Ba shi ne ke jagorantar ƙararku a kan masana'antar ba?"

"Shi ne. Ya fi kowa ɗaga murya." Ta taɓe baki. "Jiya dai a masallaci, wurinsa a sahun gaba babu kowa. Mazan duk sun faɗa."

Alhaji Almu ya tarbe su a zaure, cikin farar jallabiya, carbi a hannu. Tafukansa sun yi jawur da lalle.

"Marhaba, Janabu. Na ji abin da azzaluman nan suka yi. Ai ni na daɗe ina faɗa."

"Ina kake lokacin Juma'a, Alhaji?"

"Masallaci, sahun farko."

"A kan me liman ya yi huɗuba?"

"A kan... tsoron Allah."

"Kowace Juma'a haka ne. Aure za ka yi? Na ga lalle."

"Kaushi ke damuna."

"Naɗe hannun rigarka."

"Janabu, ni dattijo ne a garin nan."

"Na ji. Naɗe."

Ya naɗe a hankali. Lallen ya tsaya a wuyan hannu, amma daga nan har gwiwar hannu ɗigo-ɗigon ja ne, irin na abin da ya fantsama.

Mati ya shigo daga bayan gida ɗauke da gatari da guntun bututun roba. "A cikin amalankensa suke, Janabu, ƙarƙashin ciyawa. Ƙafafun duk lakar magudana."

Alhaji ya zauna a kan tabarma. Carbin ya zame daga hannunsa.

"Rijiyar nan da gumina na haƙa ta," ya ce. "In tur'a ta gyaru, wa zai zo ƙofata? Jinkiri kawai nake so. Na ɗauka manaja za a kama."

"Yarinyar da ke layi a waje, ka san sunanta?"

"Asma'u ce. 'Yar ƙanwata Sakinatu."

Sufeto ya dube shi kamar yadda ake duban abin da aka taka a hanya. "Shawish, sa masa ankwa."

Nawal tana jira a bakin motar 'yan sanda. Ta ce famfon zai gyaru, tankuna kuwa ko ganguna za su yi, cikin makon nan za ta ci gaba.

Da aka fito da Alhaji, ya matso kusa da Sufeto, ya rage murya.

"Don Allah, Janabu, a bi da ni ta bayan gari. Kar a bi ta kasuwa."

Sufeto ya shiga gaba, ya rufe ƙofa.

"Direba, ta kasuwa. Kuma kada ka yi sauri."