Raliya da Saurin Haske

A motar Tambuwal suka haɗu, ranar da taya ta fashe kusa da Jabo. Fasinjoji suka fake gindin bedi, Raliya kuwa ta kasa zama. Malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata, tana kuma digiri na biyu a Sakkwato.

Usama, ma'aikacin asibiti a Kebbe, ya miƙa mata ruwa. "Malama, mi ya hana ki sukuni?"

"Bincikena ne," ta ce. "Sararin da muke zaton babu komai cikinsa yana da motsinsa. Lissafi ya nuna in aka matse shi tsakanin farantan ƙarfe biyu, haske kan ɗan ƙara sauri. Kaɗan ƙwarai, har yau an kasa aunawa."

Bai gane rabi ba, amma ya nemi lambarta. Kafin kaka yana kiranta Malamata, tana kiransa Nawan.

Sai Hamdiya, 'yar baffansa da ta daɗe tana sonsa, ta gaya wa mahaifinsa Malam Tambaya wai Raliya na koya wa yara cewa mutum zai iya sauya ma'aunin da Allah Ya yi wa haske. Malam ya hana a kai gaisuwar neman aurenta.

Saƙo ya shigo: "Malamata, Baba ya ce a dakata, an gaya masa wai kina koyar da sauya ma'aunin haske."

Ta ajiye wayar, ta sake ɗauka. Sai ta rubuta masa.

"Nawan, kai ma ka yarda?"

"Ban yarda ba. Bayanin ne ya fi ƙarfina."

Ranar Asabar ta roƙi gwaggonta Sharifa ta raka ta Kebbe. Ta durƙusa gaban Malam.

"Baba, ba mu sauya komi. Ko cikin ruwa haske na rage gudu, shi ya sa cokali ke zama kamar ya karye cikin kofi. Wanda Ya yi ruwan Shi Ya yi sararin. Mu namu kallo da mamaki."

Malam ya sa aka kawo ruwa cikin kofin gilashi da cokali. Ya daɗe yana juya shi.

"Na yanke hukunci ban ji ki ba, ɗiyata. Ki yafe mini."

Bayan babbar Sallah aka ɗaura aure a Tambuwal. Da aka kawo ta ta gaishe shi, Malam ya ce, "Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a tagari. Karatun ga kuma kada ki bari."