Mai Jin Ɗumi a Naraguta

Haladu bakanike ya gaji da motar Oga Charles. Tun da Ogan, mazaunin unguwar Rayfield, ya nace aka ɗora mata ƙaton injin tsere, Haladu bai sake barcin kirki ba. Ya sa babban lagireto, ya canza fanbel, duk a banza. Da rana lafiya lau take zagaye Jos, amma dare uku ke nan yana fita gwaji, da ya kai tsohon kududdufin haƙar kuza na Naraguta sai ta tafasa ta tsaya cak.

Daren na huɗu ma haka. Ya ɗaga bonet, tururi ya turnuƙe, ya tsugunna yana hamma, yana jira ta huce.

"Sannu da aiki, ɗan samari."

Wani tsoho ne tsaye da kwanon ɗaukar kuza a hammata, haƙoransa na kaɗawa, muryarsa kamar daga cikin rijiya.

"Yauwa, Baba. Matsa baya, injin nan zai saɓule maka fata."

Tsohon ya ɗora tafukansa biyu a kan ƙarfen, ya lumshe ido, ya yi ajiyar zuciya. Ruwa na ɗiga daga hannun rigarsa, warin laka ya danne warin mai. Fitilar motar ta haska jiƙaƙƙen sawunsa. Daga bakin kududdufin ya faro.

Haladu ya taɓa injin, ya ji shi sanyi ƙalau kamar randa.

"Ƙasan can akwai sanyi, ɗana," in ji tsohon. "Kada ka gyara ta. Gobe sauran da ruwan ya ci ma za su fito."